Yadda ake shirya karaban domin doguwar tafiya a Ostareliya, ga wanda bai taɓa ja ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na mutanenmu ne da ke zaune a Ostareliya waɗanda suka fara sha'awar karaban, wato ɗakin kwanan nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, ciki akwai gado da wurin girki da firji, wata ma har da banɗaki. A ƙasar nan abu ne ruwan dare, tsofaffi in sun yi ritaya sai su kama babban titin Highway 1 da ya zagaye ƙasar, wajen kilomita 14,500, su yi wata shida ko shekara a hanya, yanzu ma har masu ƙananan yara suna yi. Abu ne mai daɗi kuma ina so in ga namu sun shiga, amma a shiga da ilimi, don mafi yawan matsalar sabon shiga daga wuri ɗaya take fitowa, wato nauyi. Shi ya sa za ka ga na daɗe a kansa fiye da komai.

Mataki na farko: fara da motarka, kada ka fara da karaban

Ɗan uwa, kafin ka je kallon karaban ko ɗaya, buɗe littafin motarka ka nemo lambobi huɗu ka rubuta su a takarda. Na farko nauyin da aka yarda ta ja idan tirelar tana da birki. Na biyu nauyin da aka yarda ya danna ƙwallon ƙarfen nan na baya inda ake ɗaura tirela. Na uku GVM, shi ne iyakar nauyin motar ita kanta da duk abin da ke cikinta, mutane da mai da kaya, har da nauyin da hancin karaban, wato gabanta inda ake ɗaura ta, ya ɗora mata. Na huɗu GCM, iyakar nauyin mota da karaban in an haɗa su. Ƙarfen jan da aka ɗaura wa motar shi ma yana da tasa lambar a jikinsa, in ta saɓa da ta mota to ƙaramar ita ce doka.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Za ka ji an ce Hilux ko Ranger ko D-Max tana jan kilo 3,500, gaskiya ne a takarda, amma bari in ba ka misali da lambobin lissafi kawai. A ce GCM ɗin motar 6,000 ne, ita kuma ba kaya tana kilo 2,200. In ka ɗaura mata karaban mai 3,500, saura 2,500 ga mota, cire 2,200 nata, abin da ya rage 300 ne kacal, kuma cikin 300 ɗin nan za ka shiga kai da uwargida da yara da jakunkuna da firjin mota da duk wani ƙarfe da ka ƙara mata a gaba ko a sama. Kaga kun wuce iyaka tun ba ku bar unguwa ba. Shawarata ga sabon shiga ita ce karaban in an cika ta da kaya kada ta kai nauyin motar da ke janta, a bar tazara sosai, domin in ta baya ta fi ta gaba nauyi to ranar da iska ta taso ita za ta riƙa ba da umarni.

Lasisin mota na yau da kullum ya isa a ja karaban, ba a neman wani na daban, sai dai mai lasisin sabon direba a wasu jihohi akwai takunkumi a kansa, kowace jiha da dokarta, ya duba.

Mataki na biyu: karanta farantin karaban

Kowace karaban tana da ɗan farantin ƙarfe, yawanci a wuyanta na gaba ko cikin akwatin gaba. A kai za ka ga nauyinta ba kaya, sannan ATM wato iyakar nauyinta da kaya in tana tsaye ita kaɗai, sannan GTM wato iyakar abin da tayoyinta za su ɗauka in an ɗaura ta a mota. Cire nauyinta ba kaya daga ATM, abin da ya rage shi ne duk kayan da aka yarda ka zuba. Da yawa daga masu taya biyu wajen kilo 300 suke ba ka, masu taya huɗu wajen 400, wasu sababbi sun fi haka.

Kilo 400 kamar da yawa ko? To lissafa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki biyu masu lita 90 kilo 180 sun tafi. Tukunyar gas biyu masu kilo 9, 18 kenan. Saura wajen 200, a ciki za a sa shinkafa da mai da tukwane da tufafin mutum huɗu da barguna da kujeru da kayan aiki da tiyo da waya. Kuma in ta hannu ce, mai ita na farko ƙila ya ƙara batir da sola da akwatin ƙarfe da wurin rataye keke, duk waɗannan ba sa cikin lambar da ke kan faranti amma suna cin rabonka. Saboda haka in za ka sayi ta hannu ka roƙi a kai ta sikeli ba kaya kafin ka biya kuɗi.

In ta hannu ce ɗin dai, babban abin tsoro shi ne yoyon ruwa. Shiga ka rufe ƙofa ka shinshina, warin danshi ba ya ɓuya. Danna bango da yatsa a kusurwoyi, ƙarƙashin tagogi, cikin kabad na sama da kewayen ƙofar rufi, in ka ji laushi ko ka ga tabo to katakon ciki ya fara ruɓewa, ka haƙura da ita komai arharta. Kwanta a ƙasa da tocila ka duba tsatsa da tsagewa a ƙarfen ƙasa da sifirin. Sannan ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin karaban, ka bincika a rajistar gwamnati ta intanet mai suna PPSR, kuɗin kaɗan ne, za ta nuna maka ko akwai bashin banki a kanta ko an taɓa sace ta.

Mataki na uku: birki da sarƙa da madubi

Doka a nan a fili take. Tirelar da GTM ɗinta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birki. In ya wuce 2,000 dole birki a dukkan tayoyi wanda direba ke iya sarrafawa daga kujerarsa, da kuma birkin ko-ta-kwana wanda zai kama da kansa in karaban ta ɓalle daga mota, ya riƙe ta aƙalla minti 15. Wannan yana da ɗan batirinsa, mutane na mantawa da shi har ya mutu, ka riƙa gwada shi. Mafi yawan karaban birkin lantarki gare su, don haka sai an sa wa motarka na'urar sarrafa birki, ka kai wa mai wayarin mota ya sa, kada ka yi da kanka.

In an sa, nemi titin da ba kowa, ka yi tafiya a hankali wajen kilomita 40 a awa, ka danna maɓallin na'urar ba tare da ka taka birkin mota ba. Ka yi ta ƙara ƙarfin har ka ji karaban tana riƙe motar sosai amma tayoyinta ba su kulle suna jan ƙasa ba. Nan ne daidai. In ka ƙara kaya ko ka sauka kan birji sai ka sake saiti.

Sarƙa kuwa, har zuwa ATM 2,500 ɗaya ta wadatar a doka, sama da haka biyu, kuma a gitta su ƙarƙashin wuyan karaban yadda in ya zame zai faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Madubi ma wajibi ne, in karaban ta fi motarka faɗi sai ka sa na ƙari har ka riƙa hango gefenta zuwa ƙarshe. Kyamarar baya tana da amfani amma ba ta maye gurbin madubi. Sannan haramun ne a doka mutum ya zauna cikin karaban tana tafiya, ko yara sun yi kuka suna son kwanciya a gado, a'a.

Mataki na huɗu: taya da boris

Tayar karaban ba ta cika sudewa ba, tsufa ke kashe ta, saboda tana daɗewa a tsaye cikin rana. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara biyar zuwa shida canza ta ko da zanenta na nan kamar sabo, har da safaya. Iska ana auna ta da safe ne kafin taya ta yi zafi.

Kai ta wurin bakanike ya kwance boris ya wanke ya sa sabon giris, ya duba birki, ana yin haka duk shekara ko duk kilomita 10,000. Ka sayi boris na ajiya saiti ɗaya daidai da naka ka tafi da shi, ko ba ka iya sawa ba, a ƙaramin gari za ka sami mai sawa amma ba lallai ka sami kayan ba. Kuma tun a gida ka gwada jak ɗinka da sifanar taya a kan karaban ɗin, sau da yawa na mota ba sa shiga. Motar ita ma a yi mata cikakken sabis, a gaya wa bakanike ja za ta yi mai nisa, ya duba lagireto da man giya da birki, don zafin giya shi ke fara kama motar otomatik a hawa.

Mataki na biyar: lodi, sannan sikeli

Lodin karaban kamar mangalar jaki ne, nauyi ya sauka ƙasa kuma gefe biyu su daidaita. Duk abu mai nauyi, gwangwanaye, buhun shinkafa, kayan aiki, ya zauna a ƙasa daidai saman tayoyi ko ɗan gaba kaɗan. Matsakaici ya hau zuwa tsayin ƙugu. Kabad na sama tufafi da tawul da robobi kawai. Mafi haɗari shi ne rataya nauyi a can bayan karaban, janareta, jarkokin mai, kekuna, wannan shi ke ɗaga hanci ya jawo lilo a kan titi. Abin da aka saba bi a nan shi ne nauyin da hanci ke ɗora wa ƙwallon mota ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin karaban da kaya, muddin bai wuce abin da motar da ƙarfen jan suka yarda ba. In ya yi kaɗan za ta yi lilo, in ya yi yawa bayan mota zai zauna gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilunka su riƙa haska sama.

In ka gama lodi yadda za ka tafi da gaske, tankin ruwa cike, mai cike, kowa ya shiga mota, sai ku nufi sikelin manyan motoci na jama'a, ana samu a garuruwa da yawa, akwai kuma masu zuwa gida da sikelin tafi-da-gidanka. Awo huɗu za ka yi. Hau da mota da karaban gaba ɗaya, ka gwada da GCM. Matsa yadda tayoyin mota kaɗai ke kan sikeli karaban na ɗaure, ka gwada da GVM. Matsa gaba tayoyin karaban kaɗai su hau, ka gwada da GTM. Sai ka kwance ta ta tsaya kan sikeli da ƙaramar tayarta ta gaba, ka gwada da ATM. Cire awo na uku daga na huɗu, shi ne nauyin hanci.

In ɗaya ya wuce, koma gida ka rage kaya, ba wata dabara. Dan Allah kada ka ce ai kaɗan ne. 'Yan sanda suna tare masu karaban su auna su a hanya, akwai tara, kuma in hatsari ya faru kana sama da iyaka kamfanin inshora na iya ƙin biya, ga kuma rayukan iyalinka da na wasu da ke kan titin.

Mataki na shida: wuta, gas da ruwa

Wuta iri biyu ce a ciki. Akwai mai ƙarfin volt 240 da ake jonawa a sansanin karaban, wayarta ta amfiya 15 ce mai faffaɗan haƙori ɗaya, ba ta shiga soket ɗin gida na amfiya 10. Wasu sukan goge haƙorin da fayil don ya shiga, kada ka kuskura, akwai adafta mai kariya da aka amince da ita, ita za ka saya. Sai mai volt 12 daga batir, ita ke riƙe fitilu da famfo da caji da firji in firjin na kwamfireso ne. In kana son kwana a wuraren kyauta inda ba wuta, rubuta duk abin da za ka kunna da awa nawa, daga nan za ka san girman batir da sola. Batirin AGM, wato irin na dalma, rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, na litiyam ana cin mafi yawansa kuma bai kai shi nauyi ba, sai dai tsada. Na'urar sanyaya ɗaki da hita da tukunyar shinkafa ta lantarki ba aikin ƙaramin batir ba ne, a bar su sai an jona.

Gas ba a wasa da shi. Tukunya tana da kwanan watan gwaji a wuyanta, in ya wuce shekara 10 ba za a cika maka ba. Shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo, rufe ka kira mai lasisin gas, doka ma ba ta yarda ka taɓa bututun da kanka ba. Rufe tukunya duk lokacin da za ku tashi. Kada a taɓa kunna murhu don ɗumama ɗaki da dare ko a shigo da gawayi ciki, hayaƙin da ba a gani yana kashe mutane cikin barci. Sa ƙararrawar hayaƙi da ta iskar guba, da abin kashe gobara kusa da ƙofa, da bargon kashe wuta kusa da murhu. Firji mai aiki da gas kuma sai karaban ta daidaita ba ta karkace ba yake sanyi.

Ruwa, mu namu lissafin ya fi na sauran matafiya, saboda alwala sau biyar da tsarki. Wanke tanki kafin tafiya, sayi tiyo na ruwan sha na musamman don na lambu yana sa ruwa ɗanɗanon roba, sa abin tace ruwa, kuma ka riƙe jarka ɗaya ta ruwan sha daban a cikin mota saboda dutse na iya fasa bututun tanki a birji ruwan ya tsiyaye ba ka sani ba. Alwala a yi ta da buta a waje, ya fi buɗe famfo tattali nesa ba kusa ba. Akwatin banɗaki zai riƙa cika da wuri saboda muna amfani da ruwa, don haka in da hali sayi na biyu, kuma ba a zubar da shi ko'ina sai a ramin da aka tanada, manhajar WikiCamps tana nuna inda suke da wuraren kwana da na ɗiban ruwa. Wasu wuraren ma ba sa yarda ruwan wanke-wanke ya zuba a ƙasa, sai kana da tankinsa.

Mataki na bakwai: koyi ja kafin ka yi nisa

Nemi fili babba ranar da ba kowa ka yi ta gwada ribas. Sa hannunka a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan bayan karaban zai nufa, a hankali, juyi kaɗan-kaɗan, in ta karye da yawa ja gaba ka miƙe ka sake. Wanda ke nuna maka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ku yi magana ta waya ko rediyon hannu, in ya ɓace maka ka tsaya cak, yara kuma su kasance cikin mota ko a hannun babba. A kwana ka buɗe sosai don tayoyin karaban suna yanke ciki. A gangara sauko da giya tun daga sama, kada ka kwanta kan birki ya yi zafi. Akwai kwas na yini ɗaya na koyon ja, in ka samu ka shiga, kuma uwargida ma ta koya, don in ciwo ya kama ka a inda ba kowa ita za ta fitar da ku.

In lilo ya fara, abin da jiki zai ce ka yi shi ne taka birki da murza sitiyari, kuma su ne ke kifar da mutane. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, danna maɓallin birkin karaban da hannu, shi zai ja ta ta miƙe. In ta lafa sauka gefe ka duba lodi da iskar taya. Ka san inda maɓallin yake har ka iya kai hannu ba ka kalla ba. A Yammacin Ostareliya mai ja ba ya wuce 100 ko titin ya ba da 110, ni kuwa na fi son sabon shiga ya tsaya tsakanin 85 da 95, mai ma ya fi auki a haka.

Daga nan sai gwajin kwana. Je sansani kusa da gida ku yi ƙarshen mako, ku yi amfani da komai, murhu, wanka, rumfa, banɗaki. Wani makon ku je inda ba wuta ba famfo ku ga kwana nawa batir da ruwa za su kai ku. In kun dawo duk abin da ba a taɓa ba a sauke shi, ban da kayan gyara da na agajin gaggawa.

Mataki na takwas: tsara hanya da lokaci

Arewacin ƙasar, su Darwin da Kimberley da Cairns, damina ce daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, da zafi da guguwa da ambaliya mai rufe tituna, don haka ana zuwa can ne tsakanin Mayu da Oktoba, a yi kudu lokacin da can ke ruwa. A wannan lokacin sansanonin arewa suna cika, a kama wuri da wuri. Kada ka tsara fiye da kilomita 300 zuwa 400 a rana, tafiya sannu-sannu kwana nesa, ka isa masauki da la'asar da sauran haske. Da asuba da magariba kangaru da shanu da raƙuman daji ke fitowa titi, ba lokacin tuƙi ba ne.

In za ka ratsa Nullarbor, faffaɗan filin nan na kudancin ƙasar, tsakanin Norseman da Ceduna wajen kilomita 1,200 ne, akwai inda za ka yi kusan 190 ba gidan mai, kuma tsakanin Balladonia da Caiguna akwai miƙaƙƙen titi na kilomita 146.6 ba kwana ko ɗaya, barci na ɗaukar direba a wurin. Mota mai ja tana shan mai fiye da yadda ka saba, in iska na gabanka ta ƙara, don haka auna shanta a tafiyar gwaji kuma ka riƙa cika tanki tun yana rabi. Za ka haɗu da dogayen tireloli masu jan wago uku ko huɗu, tsawonsu kan kai mita 53.5. Sa rediyon UHF na magana tsakanin direbobi, direbobinsu suna tasha ta 40, masu karaban na 18. In ɗaya na son wuce ka, riƙe gudunka daidai har ya fito gefenka sannan ka ɗan sassauta, kada ka sauka daga kwalta da gudu.

Akwai shingen binciken amfanin gona. Mai shiga Yammacin Ostareliya ana duba shi a Border Village, mai dawowa gabas a Ceduna, za su buɗe firji da kabad. Ɗanyen tumatir, attaruhu, albasa, dankali, 'ya'yan itace ana iya karɓe su, Yammacin Ostareliya kuma har zuma ba a shiga da ita. Dabarar ita ce kwana ɗaya kafin shinge a markaɗa kayan miya a soya a sa a firji. Kayanmu na gida irin su kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa ka nuna musu da kanka su yanke hukunci, kada ka ɓoye.

Naman halal a manyan birane za ka cika firiza, in ka shiga daji sai kifi da ƙwai da wake da gwangwani, sai ka tsara da haka. Alƙibla a nan yamma take, a ɗan karkata arewa, saɓanin gabas da muka saba a gida, ka riƙe kamfas na hannu don waya ba ko'ina take aiki ba. Akwai masallatai a hanya fiye da yadda ake zato, Darwin, Alice Springs, Mareeba, Katanning, da tsohon masallacin Broken Hill na masu raƙuman da suka zo daga Afganistan da kewayenta a ƙarni na 19, in ka tsara da kyau za ka riƙa samun Juma'a jefi-jefi. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla a tafiya mai tsawo haka ka zauna da malaminka kafin ka tashi.

Layin Telstra ya fi kowane kaiwa ƙauye, duk da haka akwai wurare masu faɗi da ba sabis sam. Sauke taswira a waya, riƙe ta takarda, in za ka bar manyan tituna sayi na'urar kiran ceto ta tauraron ɗan'adam ka yi mata rajista. Lambar gaggawa 000 ce. In mota ta lalace a daji kada kowa ya bar wurinta ya tafi neman taimako da ƙafa, a zauna a inuwa a tattala ruwa, mota ake fara hangowa. Kuma wani ɗan uwa a gari ya san inda kuka nufa da ranar da ya kamata ya ji ku.

Takardu a gurguje: rajistar mota da ta karaban kada su ƙare kana hanya, inshorar karaban daban take kuma ka tambaya ko ta haɗa da kayan ciki da zama na dindindin, ƙungiyar taimakon hanya irin NRMA ko RACV ko RAA ka ɗauki matakin da ya haɗa da jan karaban daga nesa. Juya wasiƙunka zuwa gidan wani amintacce, karɓi magungunan da za su ishe ka, yara 'yan makaranta a yi musu rajistar karatu daga nesa da jiharku, mai bizar aiki ko karatu kuma ya duba sharuɗɗanta tukuna. Ware kuɗin gyara daban da na tafiya ka bar shi kada a taɓa.

Mataki na ƙarshe: zagayen safiya

Wannan rubuta shi ka manna a bayan ƙofa, kullum za a yi shi, mutum ɗaya ya yi ɗaya ya sake bi. A ciki: kabad da firji a kulle, tagogi da ƙofar rufi a rufe, famfo a kashe, ba abin da aka bari kan tebur. A waje: gas a rufe, wayar wuta da tiyo an naɗe, rumfa ta kulle, eriya ta sauka, matakala ta shiga, ƙafafun kusurwa huɗu sun ɗaga. A wuya: kan wuyan ya zauna kan ƙwallo ya kulle an sa fil, ka tabbatar ta hanyar ɗaga shi da ƙaramar taya ka ga bayan mota ya biyo, sannan a cire ko a ɗaga ƙaramar tayar, sarƙoƙi a gitte, igiyar birkin ko-ta-kwana a maƙale jikin mota ba jikin sarƙa ba, filogi ya shiga, birkin hannu ya sauka, an cire katakon tare taya. Uwargida ko babban yaro ya tsaya a baya ka gwada sigina hagu da dama da fitilar birki. Ka ja mita kaɗan ka danna maɓallin birkin karaban ka ji ta riƙe.

Bayan kilomita 50 na farko tsaya ka sake ɗaure notocin taya, musamman in kwanan nan aka kwance su, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi sauran zafi sosai ko kana jin ƙauri, boris ne ko birki ya kama, kada ka ci gaba sai an duba.